Jinkirin jirgi ya fi makoki sauƙi

Duk lokacin aikin hajji, ko in ƴan kasuwa za su tashi daga Yamai zuwa sarin kaya, da an ce jirgi zai jinkirta sai gunaguni ya tashi. To jama'a, mu tsaya mu duba abin da ake gudu.

Ranar 11 ga watan Yuli na 1991, wani jirgi DC-8 da kamfanin Nigeria Airways ya yi haya daga kamfanin Nationair na Kanada ya tashi daga Jidda da alhazai zuwa Sakkwato. Tayoyinsa 2 ba su da isasshiyar iska. Makanikai sun sani, amma don kada a makara aka ce a tahi haka nan. Jirgin na cikin gudu bisa hili tayoyi suka fashe, wuta ta kama. Matuƙan ba su san da wutar ba, suka tashi, suka naɗe ƙafahun jirgin, wutar ta shige cikinsa. Sun juyo za su sauka, ba su kai ba. Mutum 261 suka rasu, babu wanda ya tsira. Allah ya jiƙan su.

Ga yadda aikin yake. Kahin jirgi ya motsa, matuƙa suna lissahin wani mizanin gudu da suke kira V1, gwargwadon nauyin jirgi, zahin rana da tsawon hili. Ga manyan jirage yakan haura kilomita 250 cikin awa guda. In matsala babba ta ɓullo kahin a kai nan, sai a taka birki a tsaya. In an wuce, hilin da ya rage ba zai isa ba, dole a tashi, a kewayo a sauka. Shi ya sa ake ƙera jirgi ya iya hawa sama ko da inji guda ya mutu. Shawarar nan cikin daƙiƙa kaɗan ake yanke ta.

Nan ne mu ƴan kasuwa muke da hannu, domin lissahin bai fita daidai sai an san nauyin gaskiya. Ranar 25 ga Disamba 2003, a Kwatano, wani Boeing 727 mai zuwa Beirut da aka labta ma kaya fiye da ƙima ya kasa hawa, ya bugi gini, ya faɗa bakin teku. Sama da mutum 130 suka mutu.

Hajiya, Alhaji, in an auna kayanku an ce sun wuce kilo, ku biya ko ku rage, kada ku nemi wanda zai shigar da su ta bayan gida. In matuƙi ya ce bai tashi sai an gyara, mu ba shi goyon baya. Abin da ya dace mu nema ga kamfani da hukumomi shi ne bayani na gaskiya, da abinci da wurin kwana har a gama gyara.