A Rage Wa Jaki Kaya Kafin A Ce Ya Gaza

A wannan mako za mu yi magana ne a kan wani kuka da ya zama ruwan dare a tsakanin ɗalibai da masu shagunan buga takardu, wato nauyin kwamfutar tafi-da-gidanka. A danna mata abu ta yi shiru kamar ba ta ji ba, a buɗe takarda ta tsaya tana juya ɗan zobe, har mai ita ya fara tunanin ranta ya yi halinsa, ya shiga neman bashin sayen wata.

Wannan magana ta shafi ƙasar nan baki ɗaya, amma za mu ɗauki unguwar Gwange ta birnin Maiduguri a matsayin misali, domin a can abubuwa da dama sun taru sun sa sayen sabuwar kwamfuta ya fi ƙarfin talaka. A ranar 10 ga watan Satumba na shekarar 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, Kogin Ngadda ya yi ambaliya, kuma Gwange da ke gaɓarsa tana cikin unguwannin da ruwan ya fi yi wa ɓarna. Wanda ruwa ya cinye masa kayan sana'a, in ya samu ya farfaɗo, ta hannu zai nema, irin wadda aka gama amfani da ita a Turai ko Amurka. Ga kuma darajar naira da ta faɗi tun daga watan Yuni na 2023. Bugu da ƙari, a ƙarshen shekarar 2025 farashin ƙwaƙwalwar kwamfuta ya yi tashin gwauron zabi a kasuwannin duniya, saboda manyan kamfanonin ƙirƙirarriyar basira sun yi ta wawasonta. Duk da haka ɗalibin Jami'ar Maiduguri ko na Kwalejin Fasaha ta Ramat bai da makawa sai ya buga kundin bincikensa, kuma tun daga 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta. Ashe ke nan tsohuwar da ke hannu ita ce jari, dole a san yadda za a lallaɓa ta.

Abin da muke so mai karatu ya riƙe shi ne: a gano ciwo kafin a sayi magani. Yawancin kuɗin da ake ɓatawa wajen gyaran kwamfuta mai nauyi, ana ɓata su ne domin an rikita abubuwa biyu da jama'a ke kira da suna ɗaya, wato memori.

Mu ɗauki misalin tela. Tela yana da teburin da yake shimfiɗa yadi ya yanka, yana kuma da ɗakin ajiya inda ya jibge yadudduka. Teburin nan shi ne ƙwaƙwalwar aiki, wadda masu gyara ke kira ram. Ɗakin ajiyar kuwa shi ne faifan ajiya, inda hotuna da takardu suke kwana ko an kashe na'ura. Idan tebur ƙarami ne, aka kuma tara masa ɗinki goma a lokaci guda, tilas tela ya riƙa kwashe wani ya kai ɗaki, ya ɗauko wani, ya koma, ya dawo. Wannan zirga-zirga ita ce nauyin da ake gani. Haka kwamfuta take yi: in ƙwaƙwalwar aiki ta cika, sai ta ari wani yanki na faifan ajiya ta riƙa sauke kaya a can, alhali faifan bai kama ƙafar ƙwaƙwalwar ba wajen sauri. Saboda haka wanda ya zauna ya goge hotunan bikin ƙanwarsa domin kwamfuta ta yi sauri, ɗaki ya share, tebur kuwa yana nan a cike.

Yawancin kwamfutocin hannu da ake samu da ɗan rahusa suna zuwa ne da ƙwaƙwalwar aiki mai gigabait 4. Wannan shi ne mafi ƙarancin abin da kamfanin Microsoft ya gindaya wa Windows 11, wadda ta fito a watan Oktoba na 2021. Ma'ana, tun kafin mai ita ya buɗe komai, Windows kanta ta riga ta mamaye babban rabo na teburin. Kada dai a raina gigabait 4 ɗin. Kwamfutar da ta yi wa kumbon Apollo 11 jagora zuwa duniyar wata a 1969, ƙwaƙwalwar aikinta ba ta wuce kimanin kilobait 4 ba, wato ta ɗalibin Gwange ta ninka ta wajen sau miliyan. Manhajojin zamani ne suka zama masu haɗama.

To, yaya za a gano ciwon? Hanyar tana da sauƙi kuma ba a biyan ko kwabo. A buɗe ayyukan da aka saba yi kullum, sa'an nan a danna maɓallan Ctrl da Shift da Esc a tare. Wata manhaja mai suna Task Manager za ta bayyana, tana nuna kowace manhaja da rabon da ta ci. A dubi ginshiƙin da aka rubuta Memory da wanda aka rubuta Disk. Idan na farko ya haura kashi 85 cikin 100 ya zauna a can, tebur ne ya cika. Idan na biyu ne ya maƙale a kashi 100 cikin 100, faifan ajiya ne ke jan ƙafa. Idan kuwa duka biyun suna ƙasa amma na'ura tana huci, fanka na kuka, to zafi ne, za mu zo kansa. Gani ya kori ji, kuma wanda ya je wurin mai gyara da wannan sani, da wuya a sayar masa da abin da ba ya bukata.

Maganin farko shi ne rage kaya. A cikin Task Manager ɗin akwai sashen Startup, inda aka jera manhajojin da ke tashi da kansu da zarar an kunna kwamfuta, su zauna a bayan fage suna cin ƙwaƙwalwa ba tare da an gayyace su ba. Duk wadda ba a bukatarta a kowace safiya, a hana ta tashi. Hana ta tashi bai goge ta ba. Ranar da aka neme ta za a same ta. Kana a shiga jerin manhajojin da ke kan na'urar a cire waɗanda mai ita na farko ko ɗan kasuwa ya loda, waɗanda ba a taɓa buɗe su ba.

Na biyu shi ne manhajar shiga intanet, wadda a yau ta fi kowace cin ƙwaƙwalwa. Kowane shafi da aka buɗe aka bari yana riƙe da nasa rabon, balle shafukan bidiyo irin su YouTube da Facebook. Mai gigabait 4 ya daure ya tsaya a shafi huɗu ko biyar, sauran ya adana adireshinsu ya rufe. Chrome tana da wani tsari mai suna Memory Saver, Edge kuma tana da irinsa, wanda ke sa shafin da aka daɗe ba a duba ba ya yi barci ya saki rabonsa. A shiga saiti a tabbata yana kunne.

Na uku, a guji tara masu gadi. Akwai waɗanda ke ɗora manhajar kashe ƙwayar cuta biyu ko uku a na'ura ɗaya, suna zaton ƙarin tsaro ne, alhali kowace tana binciken 'yar'uwarta, suna cinye ƙarfin na'urar. Windows 10 da 11 suna zuwa da tasu, Microsoft Defender, kuma ta wadatar da mai aikin yau da kullum. Haka nan manhajojin da ke tallar cewa suna wanke ƙwaƙwalwa su ninka sauri, a yi nesa da su. Abin da suke yi shi ne su kwashe kayan tebur su watsa ɗaki, bayan ɗan lokaci kwamfuta ta sake wahalar kwaso su. Manhajojin sata da ake loda wa mutane a bakin kasuwa kuwa, sau da yawa da mugun baƙo suke tafe, wanda zai ɓuya yana aiki wa wani da ƙarfin na'urarka.

Na huɗu, a riƙa danna Restart ko da sau ɗaya ne a kwana biyu. Mutane da yawa rufe murfi kawai suke yi har mako ya zagayo. Ko Shut down ɗin ma, a yadda Windows ta zo, ba ya share komai da komai, domin yana adana wani sashe saboda ta tashi da wuri. Restart ne ke share tebur tas. Har wa yau, kada a yarda wani ya kashe wancan yanki da kwamfuta ke ara daga faifan ajiya da sunan ƙarin sauri. In aka kashe shi, ranar da tebur ya cika manhaja za ta rufe kanta da aikin da ba a adana ba. A kuma bar wa faifan sarari, kamar kashi ɗaya cikin biyar.

Sai batun zafi da wuta, wanda mutanen Maiduguri suka fi kowa sani. A watannin Afrilu da Mayu zafin garin yakan haura digiri 40, da hunturu kuma ƙura ta cika ko'ina. Kwamfuta in ta ji zafi ya yi mata yawa, da kanta take rage gudu domin kada ta ƙone. Wanda ya ɗora ta a kan katifa ko darduma ya toshe mata hanci. A ɗora ta a kan katako ko tebur, a ɗan ɗaga bayanta, kuma bayan kowane hunturu a kai ta a buɗe a share ƙurar fanka. Game da wuta kuwa, ba a manta da duhun da birnin ya shiga ba tun daga watan Janairu na 2021, sa'ad da 'yan ta'adda suka rusa turakun layin da ke kawo lantarki ta hanyar Damaturu, abin da ya kai ga gina tashar gas mai megawat 50 da aka buɗe a watan Maris na 2023. Jama'a sun saba aiki da batir, kuma kwamfuta in tana kan batir takan rage ƙarfinta domin tattali. Aiki mai nauyi a bari sai an jona ta. A kuma lura da caja: wasu na'urorin, musamman na Dell, in ba su gane cajar da aka sa musu ba, sukan rage gudu ƙwarai. Araha ba ta ado.

In an yi duk wannan nauyi bai tafi ba, to lokacin taɓa aljihu ya yi, amma bisa abin da Task Manager ta nuna. Wanda ƙwaƙwalwarsa ke cika, ya shiga sashen Performance, can zai ga ko na'urarsa tana da gurbi biyu kuma ɗaya ne ke ɗauke da kaya. Ƙara gigabait 4 a kan 4 yakan sauya halin na'ura sarai. Sai dai a san iri: DDR3 ba ta shiga gurbin DDR4, kuma wasu na'urorin ba sa karɓar sai DDR3L mai ƙaramar wuta. A tafi da kwamfutar, a sa a gaban mai ita, a kunna a ga adadin ya ƙaru kafin a biya. A kuma tabbata Windows ɗin mai bit 64 ce, domin mai bit 32 ba ta iya amfani da abin da ya wuce gigabait 4, ko an sa mata 8. Akwai kuma ƙananan na'urori sirara da aka liƙe ƙwaƙwalwarsu da dalma, ba a ƙara musu. Mai shirin saye ya tambayi wannan tun kafin ya miƙa kuɗi.

Wanda kuwa faifansa ne ke maƙalewa, ya sauya shi da irin da ake kira SSD. Tsohon faifai abu ne mai juyawa, galibi sau 5,400 a minti, da allura mai neman bayani kamar ta garmaho. SSD ba abin da ke motsi a cikinsa, yana karanta kimanin megabait 500 a daƙiƙa inda tsohon ke fama da 100, kuma wajen tsinto ƙananan bayanai tazararsu ta fi haka nesa. Tebur bai ƙara faɗi ba, amma ɗakin ajiya ya dawo bakin ƙofa. A tsohuwar na'ura mai faifai mai juyawa, babu kuɗin da ya fi wannan amfani. Kafin a miƙa wa kowa na'ura dai, a kwafe kundin bincike da takardun mutane a filashi, domin gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Akwai magana ta ƙarshe da bai kamata a ɓoye ba. A ranar 14 ga Oktoba na 2025 Microsoft ta daina kula da Windows 10 a bisa tsarin da aka saba, kuma da yawa daga na'urorin hannu ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Masu gyara suna da dabarar cusa ta da ƙarfi, amma ɗora wa mai gigabait 4 da tsohon faifai wannan kaya ƙarin wahala ne. Akwai wata hanya, wato Linux, wadda kyauta ce kuma halal. Ire-irenta marasa nauyi kamar Lubuntu da Linux Mint Xfce suna barin wa mai aiki fili a tebur, kuma LibreOffice tana buɗe takardun Word da Excel. Sai dai mai shago ya gwada injin buga takardunsa da ita tukuna, ɗalibi kuma ya tambaya ko sashensu na bukatar wata manhaja da ba ta aiki sai a Windows.

A nan muke kira ga masu gyara da su ji tsoron Allah su faɗa wa mutane gaskiyar ciwon na'urarsu, da kuma makarantun koyon kwamfuta da su sa wannan darasi a makon farko, kafin a kai ga koyon buga wasiƙa. Yaron da ya iya duba Task Manager ya tsirar da kuɗin mahaifinsa.

Allah Ya sa mu dace, Ya mayar wa mutanen Gwange da sauran waɗanda ambaliya ta shafa da mafificin alheri. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.