Hangen Dala ba shiga birni ba

A watan Janairu na shekarar 1851, wani Bajamushe mai suna Bart ya sauka Tasawa. Daga nan ya biyo ta Gazawa, ya wuce Katsina. A farkon watan Fabrairu ya shiga Kano, zamanin Sarki Usman. Mutane suna kiransa Abdul Karimu.

Bart ba ya da na'urar ɗaukar hoto. Fensir da takarda ne kayan aikinsa. Wata rana ya hau dutsen Dala, ya zana birnin da ke shimfiɗe a gabansa. Da ya koma gida, aka buga zanen cikin littafin tafiyarsa, wanda ya fara fitowa a 1857.

Mai kallon zanen zai ga soraye da bukkoki, da itatuwan dabino, da filaye tsakanin gidaje. Wannan kaɗai ya isa darasi. Gina soro sai mai hali, don yana cin ƙasa da azara da kuɗin magina. Bukka kuwa kara da ciyawa sun ishe ta. Ashe tun wancan zamani mai kuɗi da talaka suna zaune maƙwabtan juna cikin ganuwa ɗaya.

An ce gani ya kori ji. Duk da haka bai kamata ɗan makaranta ya yarda da hoto ido rufe ba. Daga kan dutse rufin ɗaki ake gani, ba a ganin wanda ke ciki. Ba a ganin matar da ke kaɗi, ko marinin da hannunsa ya yi baƙi da baba. Alhali aikinsu ne ya kai tufafin Kano har Tumbutu da Tarabulus. Ba a ganin bayin da ake sayarwa a kasuwa. Sai da Bart ya ratsa unguwanni, sannan ya rubuta labarinsu. Ya ƙiyasta mazauna birnin wajen 30.000.

Ga wani abu kuma. Bart bai buga zanensa yadda yake ba. Wani gwanin zane a Jamus, mai suna Barnats, shi ya gyara shi, alhali bai taɓa taka Kano ba.

Saboda haka hoto shaida ne, amma shaidar mutum ɗaya daga inda ya tsaya. Mai hankali yakan yi masa tambaya uku: Wa ya zana shi? Ina ya tsaya? Wa aka bari a baya?

Ɗan makarantar Cadakori ya fi baƙo sanin garinsu. In ya tashi zana shi, kada ya tsaya ga masallaci da ƙofar gidan sarki. Ya sa mata a bakin rijiya, da maƙeri gaban wutarsa, da rumbunan gero, da rugar da ke bayan gari. Wata rana jikoki za su duba takardarsa. Wanda bai zana ba, za su zaci ba a taɓa yin sa ba.

Tambayoyi

1. Waɗanne garuruwa Bart ya ratsa kafin ya isa Kano?
2. Me soro da bukka suke nunawa game da masu su?
3. Su wa ba a gani daga kan Dala?