Tsakanin Zaɓe da Rantsuwa

Duk mai duba al'amuran mulki da idon basira zai lura cewa lokacin da ya fi kowane haɗari ga ƙasa shi ne kwanakin da ke tsakanin bayyana wanda ya ci zaɓe da ranar da zai ɗora hannu a kan Alƙur'ani, domin a cikinsu hatimi yana hannun mai barin gado alhali zukatan ma'aikata sun riga sun koma wajen mai jiran gado, babu kuwa wanda za a tuhuma idan abu ya ɓaci.

Magabata sun san wannan. Sahabbai, Allah ya yarda da su, sun taru a Saƙifar Bani Sa'ida suka yi wa Sayyadina Abubakar mubaya'a tun kafin a binne Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba don gaggawar neman duniya ba, sai don tsoron fitinar da takan auku idan al'umma ta kwana ba shugaba.

Mu a Nijar mun gani da idonmu. An yi zagayen farko na zaɓen shugaban ƙasa ranar 27 ga Disamba 2020, aka yi na biyu tsakanin Mohamed Bazoum da Mahamane Ousmane ranar 21 ga Fabrairu 2021, kotun tsarin mulki ta tabbatar da sakamako cikin Maris, sannan aka ci gaba da jiran 2 ga Afrilu, ranar cikar wa'adin shugaba mai barin gado Mahamadou Issoufou. A cikin wannan jira, daren 30 zuwa 31 ga Maris, aka ji ƙarar bindigogi kusa da fadar shugaban ƙasa a Yamai, saura kwana biyu rantsuwa.

Amma ni abin da ya fi damuna shi ne abin da jinkirin ke yi wa ƙaramar hukuma irin tamu ta Gamu, a nan ƙasar Gure. An zaɓi ƴan majalisun ƙananan hukumomi ranar 13 ga Disamba 2020, watanni kuwa suka shuɗe kafin sababbin magadan gari su zauna. A irin wannan lokaci mai karɓar harajin kasuwa yana karɓa ba ya sanin gaban wa zai yi lissafi, famfon gari ya lalace ana ce wa mata su jira sabon magaji, maganar iri da abincin dabbobi kuma, wadda wajibi ne a gama ta kafin bazara ta yi nisa, sai ta kwanta a cikin akwati. Damina ba ta jiran takardar kowa.

Masu saɓa mini za su ce shari'a tana buƙatar lokaci, kuma suna da hujja. Sai dai maƙwabtanmu na Najeriya sun yi zaɓe a Fabrairu 2023, suka rantsar da wanda ya ci a ƙarshen Mayu, amma Kotun Ƙoli ba ta yanke hukunci ba sai Oktoba, ma'ana tsawon jiran bai hana a naɗa mutum ana cikin ƙararsa ba. Kenya kuwa ta ƙayyade wa kotunta kwana 14, a 2022 aka yi zaɓe 9 ga Agusta, aka yi hukunci, aka yi rantsuwa 13 ga Satumba. Amurka ma tun 1933 ta mayar da rantsuwa daga Maris zuwa Janairu.

Saboda haka duk ranar da aka zauna rubuta sabon kundin tsarin mulki, ina roƙon a matso da ranar zaɓe kusa da ƙarshen wa'adi, a iyakance wa alƙalai kwanakin hukunci, a kuma haramta wa mai barin gado sa hannu a kan sabuwar kwangila ko naɗin muƙami daga ranar da aka kaɗa ƙuri'a, tun daga fadar Yamai har ofishin magajin garin Gamu.