INUWAR GIGINYA, NA NESA KA SHA

Talakawa 'yan'uwanmu, musamman ku 'yan kasuwa da kuke wuni a rana, yau maganar itatuwan birni za mu yi. Wani zai ce, haba, ana fama da tsadar hatsi da kuɗin makaranta, jaridar Jam'iyya ta rasa abin faɗa sai itace? To, mai wannan magana ya bar gindin fanka ya zo bakin kasuwa da azahar cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, ya tsaya sa'a guda inda mai tumatur ke tsaye. Kadan ya koma gida da hankalinsa, sa'an nan ya gaya mana ko inuwa tana cikin siyasa ko ba ta ciki.

SUNAYE SUN RAGE, ITATUWA SUN TAFI

Ku saurari sunayen unguwannin Kano: Durumin Iya, Durumin Zungura, Cediyar 'Yan Gurasa, Rimin Kira, Kukar Bulukiya, Tsamiyar Boka, Kurna, Giginyu, Gawuna, Ɗorayi. Ga kasuwar Rimi. Ga ita kanta kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, da ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ta kuwa samo sunanta ne daga kurmin da ke bakin Jakara. Kakanninmu da itace suka raɗa wa garinsu suna, domin a gindinsa rayuwa take. Nan malam ke ba da karatun allo, nan wanzami ke aski, nan mai fura da nono ke sauke ƙwarya, nan dattawa ke sasanta masu rikici ba tare da an je gaban alƙali ba.

Yau ku shiga da yawa daga cikin waɗannan unguwanni, ku ce wa yaro ya nuna muku durumin ko rimin da aka ba unguwarsu sunansa. Sai ya tsaya yana kallonku. Suna ya rage, siminti da kwano sun gaji wurin.

WA YA FARA RABA MU DA INUWA?

Da Turawa suka zo, sun san darajar itace ƙwarai, amma wa kansu. Suka keɓe Nasarawa da Bompai, suka jera madaci da sauran itatuwa a bakin hanyoyinsu, kowane gida da lambunsa. Dokar garuruwa ta 1917 ta sa a bar fili na yadi 440 babu gini tsakanin mazauninsu da namu, wai kada sauronmu ya kai musu cuta. Darbejiya ma, wadda wasu ke kira maina, baƙuwa ce daga ƙasar Indiya, a wajen 1928 aka fara dasa ta a Borno, kuma har gobe mutanen Maiduguri suna shan inuwarta.

Mu kuwa abin da aka ba mu shi ne dokar daji ta 1916. Daga nan itace ya zama na hukuma. Manomi ya sare reshe a gonar da ya gada daga ubansa, malamin daji ya kama shi, En'e ta ci shi tara. Talaka ya karanta darasin da kyau: itace a gona fitina ne, gara a tumɓuke shi tun yana ƙarami. Waɗanda ke zagin talaka yau cewa ba ya son itace, su tambayi wanda ya koya masa ƙinsa.

Bature ya tafi a 1960, ya bar gida da lambu. Ɗan ƙasa ya shiga ya ja ƙyaure. Har yanzu wanda ya fito daga Kurna ko Birget da rana tsaka ya shiga Nasarawa, jikinsa zai gaya masa ya sauya ƙasa, alhali kuwa gari ɗaya ne, rana ɗaya ce. Bambancin ganye ne kawai.

LISSAFIN ƊAN KASUWA

Ku 'yan kasuwa ba ku bukatar a yi muku dogon Turanci. Mai alayyafo da latas ya san nawa ke yaushi kafin la'asar in babu inuwa, ya san da wace asara yake karyar da su. Mahauci ya san abin da rana ke yi wa nama. Ɗan dako da ɗan garuwa da mai faci sun san inda suke sauke gajiya. Babba yana da na'urar sanyaya ɗaki da janareta, in wuta ta ɗauke bai ma sani ba. Talaka kuwa na'urarsa ita ce darbejiyar ƙofar gida, ba ta shan fetur, ba ta kawo takardar kuɗin wuta a ƙarshen wata.

Aikin itace a gari ya wuce tare rana. Yana jawo ruwa daga ƙasa ya fitar ta ganye, iskar wurin ta yi sanyi, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa ta hanyar tsattsafo. Kwalta da siminti kuwa zafi suke sha da rana su amayar da dare, shi ya sa barci ke gagara a ɗakin kwano cikin bazara. Da hunturu ganye yana tare ƙura kafin ta shiga ƙirjin yara. Da damina saiwa tana riƙe ƙasa, ruwa ya samu hanyar nutsewa maimakon ya kwarara cikin gidajen mutane.

Sa'an nan ga abin sawa a baka. Kuka ta miya, tsamiya ta kunu, ɗorawa ta daddawa, zogale na kwaɗo, ga mangwaro da goba da kanya da kurna. Mata nawa ke ciyar da marayu da abin da ke fitowa daga waɗannan? Kowane itace da aka sare a gari, an rufe wa wata rumfa ne.

Zafi kuwa ƙaruwa yake yi. A ranar 3 ga Afrilu 2024 ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, asibitocin Bamako suka cika da tsofaffi da marasa ƙarfi. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

SHUKAR HOTO

Masu mulki za su ce ai suna dashe kowace shekara. Lalle mun gani. Damina ta kankama, a kafa rumfuna, a jera kujeru, makaɗa su zo. Babba ya sauko daga mota da babbar riga, a miƙa masa shebur mai kyalli, ya zuba ƙasa sau biyu, a ɗauki hoto, a watse. Kafin sati ya zagayo akuya ta gama da shukar. Baɗi a dawo ramin nan dai a sake dasawa, a sake rubuta kuɗi.

Alkawari kuwa ba a rasa shi. Tun 1981 akwai asusun gyaran muhalli a Nijeriya. A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, mai tsawon kilomita 8,000 daga Senegal zuwa Jibuti, da nufin farfaɗo da hekta miliyan 100 kafin 2030. A 2015 aka kafa wa shirin hukuma a Nijeriya domin jihohi 11 na bakin hamada. A 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawarin dasa itatuwa miliyan 25 a taron Majalisar Ɗinkin Duniya. Da aka yi lissafin Ganuwar a 2020, sai aka tarar kashi 4 cikin 100 kacal aka cimma bayan shekara 13.

Mu tambayarmu ɗaya ce, kuma kowane ɗan tireda zai gane ta. Ana gaya mana nawa aka dasa. To, nawa suka rayu? Wanda ya ba yaronsa jari ba ya tambayar kayan da ya saro kaɗai, sai ya ga ciniki.

Suna dasa goma a gaban mai hoto, suna sare ɗari a bayansa. Za a faɗaɗa titi ko a yi gadar sama, itatuwan da suka shekara hamsin su faɗi cikin yini guda, ba a mayar da ko ɗaya ba. Filin makaranta, bakin maƙabarta, jikin ganuwa, kududdufin unguwa, duk an yanka an yi shaguna. Sa'an nan a hau rediyo a ce matar talaka ce ke kawo hamada da itacen girkinta. Ashe? Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu 2023 komai ya yi tashin gwauron zabo, kananzir da gas suka fi ƙarfin gida mai 'ya'ya bakwai. Da me za ta dafa tuwo, da jawabin kwamishina? Gwamnatin da ke shirya taro kan hamada a manyan otal, ta bar mai kayan miya yana soyuwa a bakin titi, ita ce inuwar giginya, na nesa ka sha.

ABIN DA MAƘWABTA SUKA KOYA MANA

Kada wani ya ce talaka ba zai iya ba. Ku tsallaka iyaka zuwa Maraɗi da Damagaram, wurin 'yan'uwanmu Hausawa. Su ma Faransa ta ɗora musu dokar daji a 1935, itace ya zama na hukuma, gonaki suka zama fayau. Fari na 1973 da na 1984 suka zo suka ƙarasa. Daga 1983 wani malamin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya shiga nuna wa manoman Maraɗi cewa kututturen da ke gonakinsu da ransu, in aka zaɓi tofo mai ƙarfi aka sassabe sauran, itace zai tashi ba tare da an sayi iri ba. Da hukuma ta sassauta, manomi ya tabbata cewa itacen da ya raina nasa ne, sai aikin ya bazu daga gona zuwa gona. Masana sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200, da yawansu gawo ne mai ƙara wa gero ƙarfi. Babu ɗan kwangilar da ya dasa su. Manomi ne da gatarinsa da tabbacin mallaka.

Amma a ƙasar nan ɗaya akwai gargaɗi. Tun 1965 aka fara kewaye birnin Yamai da ɗamarar darbejiya mai faɗin hekta wajen 2,500. Da birni ya girma, filaye suka yi tsada, sai aka yi ta gutsurar ta ana yanka fulotai. Abin da yake na hukuma kaɗai, ranar da hukuma ta ji ƙanshin kuɗi ba shi da mai tsaro.

A Kenya mace ce ta tsaya, Wangari Maathai. Ta kafa ƙungiyar dashe ta mata a 1977, kuma ɗan ladan da ake ba mace sai shukarta ta rayu take karɓa. A 1989 ta yi tsaye a kan ginin bene mai hawa 60 da aka so kafawa a lambun Uhuru na birnin Nairobi, har aka fasa. A 1999 'yan daba suka fasa mata kai a dajin Karura, da manya suka so rabawa tsakaninsu. Dajin yana nan yau cikin birni, kowa yana shiga. A 2004 aka ba ta lambar Nobel. Masu mulkin lokacin mahaukaciya suka kira ta.

ABIN DA MUKE NEMA

Na ɗaya, a rubuta a doka cewa wanda ya dasa itace a ƙofar gidansa ko gaban rumfarsa, shi ke da 'ya'yansa da rassansa, babu ma'aikacin da zai tatse shi a kai.

Na biyu, kada a sare itace a titi ko kasuwa ko makaranta sai an sanar da mutanen wurin, kuma duk ɗan kwangilar da ya sare ɗaya ya dasa goma, a riƙe wani kaso na kuɗinsa har su ga rani biyu.

Na uku, a daina yanka filayen jama'a. Abin da ya rage a jikin ganuwa da bakin kududdufai a mayar da shi lambun kowa, ba mai kuɗin shiga ba.

Na huɗu, kowace ƙaramar hukuma ta buɗe wurin rainon iri, ta ba da kyauta, kuma kowace shekara a liƙa lissafin waɗanda suka rayu a ƙofar sakatariya inda kowa zai karanta.

Na biyar, a sauƙaƙa kuɗin gas da murhu mai cin itace kaɗan, kafin a buɗe baki a zargi mai girki.

MU MA DA NAMU AIKIN

Ba za mu zauna jiran su ba. Muna kira ga kowane reshen Jam'iyya, da ƙungiyoyin 'yan kasuwa layi layi, da matan unguwa, su shirya tun yanzu. A dasa cikin watan Yuli in ruwa ya zauna. A haƙa rami ya kai gwiwa, a gauraya ƙasar da taki. A kewaye da ƙaya ko tsohon kwando ko bulo, domin akuya ba ta san Jam'iyya ba. Cediya da durumi da zogale reshe kawai ake kafawa su kama, sai dai a nisanta cediya da durumi daga katanga saboda saiwarsu, kada kuma a dasa dogon itace a ƙarƙashin wayar wuta. Da rani ruwan alwala da na ɗauraya ya isa, buta guda safe da yamma, har shuka ta wuce bakin dabba.

Kowace shuka a ba ta mai ita da suna, sakataren reshe ya rubuta a littafi, baɗi war haka a zo a ƙidaya a gaban jama'a. Mu nuna wa masu mulki irin lissafin da muke nema daga gare su. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma layin kasuwa mai rumfa arba'in in kowa ya raini ɗaya, cikin shekara biyar ya zama kurmi.

In lokacin zaɓe ya zo, mai neman ƙuri'a ya shigo unguwarku da buhun shinkafa da atamfa, ku tsayar da shi a rana, kada ku ba shi kujera a inuwa. Ku tambaye shi itace nawa aka sare a mazaɓarsa, nawa ya mayar, fili nawa aka yanka, wa aka ba. Kadan ya amsa, ku saurare shi. Kadan ya kasa, ku bar shi a inda ya bar ku.