Gayyar rubuta manhaja: wa ke cin tuwon?

Raba aiki ga hannaye da yawa ba baƙon abu ba ne a birnin Zariya. Babbar riga ɗaya sai ta bi ta hannun mai zane, mai ɗinkin hannu, tela da mai bugu kafin ta isa kasuwa, kuma kowa ya san ladansa tun kafin ya ɗauki allura. Abin da ya ɓace ke nan a gayyar rubuta manhaja ta intanet.

A dandalin Topcoder, wanda aka kafa a 2001, kamfani ne ke jefa aiki a yi gasa. Mutane da yawa su kwana suna rubutu, waɗanda suka zo kan gaba kaɗai a biya su. A Upwork sai mutum ya kashe Connects kafin ya nemi aiki, ko a ɗauke shi ko kada a ɗauke shi. Fiverr kuma na yankar kashi 20 cikin 100 na kuɗin aiki. A gayyar gona kowa na cin tuwo. A nan kuwa asarar tana kan mai aiki.

Matashin Ƙofar Doka ko Babban Dodo yana shiga wannan gasa da ƙarin nauyi. A watan Oktoban 2024 yawancin Arewa ta shafe fiye da mako babu lantarki. Mai ba da aiki daga Amurka ba ruwansa da wannan, makin da zai ba ka ne kawai zai ragu, aiki na gaba ya kuɓuce.

Shi ma mai aikin ba ya tsira. Manhajar da baƙi goma suka rubuta gunduwa-gunduwa, ranar da ta lalace babu wanda za a kama.

Mafita tana cikin tsarin masu ɗinkin. Matasa huɗu ko biyar su haɗu su karɓi aiki da suna ɗaya, su zuba kuɗin sola tare, wani ya duba rubutun wani kafin a miƙa. Kada a fara aiki sai an rubuta sharuɗɗa, an kasa biya mataki-mataki. Wanda kuma zai yi aiki kyauta don a san shi, gara ya yi a buɗaɗɗiyar manhaja a GitHub, inda sunansa zai zauna a kan abin da ya rubuta.