Samarin Kara-Kara da shari'ar da ba ta saurarensu

Akwai wata magana da ke yawo a bakin waɗansu manya da ƴan boko duk lokacin da aka ba yaron da ya taɓa shiga gidan kaso damar faɗin labarinsa a bainar jama'a. Cewa suke yi tonon asirin gari ne, kuma ɗaure wa ɓarna gindi ne, domin wanda ya sari mutum da adda bai cancanci a miƙa masa makirufo ba. Maganar tana da kamar hikima, shi ya sa ta daɗe ba a tanka mata ba. To amma idan aka auna ta da abin da ke faruwa tsakanin komisariya da kotu da gidan kaso, sai a tarar ita kanta tana cikin abubuwan da ke riƙe da ƴaƴan talakawa a tsare ba tare da hukunci ba.

A shekarar 2021 Aisha Maki, ƴar asalin Damagaram, ta fitar da fim ɗinta mai suna Zinder. Ta shiga Kara-Kara, unguwar da aka ware tun da daɗewa domin kutare da sauran waɗanda gari ya ƙi kusanta, ta zauna da jikokinsu, samarin da ke taruwa cikin ƙungiyoyin da ake kira pale. Ba ta sa wani masani ya yi bayani a madadinsu ba. Su da kansu suka yi magana, da Hausarsu: masu ɗaga ƙarfe da ke fatan kafa kamfanin gadi, tsohon jagoran pale da ya koma tuƙa kabu-kabu yana fama da tunanin abin da hannunsa ya aikata, da masu neman abinci ta hanyar fasa-ƙwaurin mai daga kan iyaka. Ɗaya daga cikin ƙungiyoyin ta laƙaba wa kanta sunan Hitila, kuma da aka saurare su sai ta bayyana cewa a zatonsu wani jarumi ne na Amurka. Wannan kaɗai ya isa ya hana malamin tarihi barci. Da ba a bar su sun yi magana ba, da an rubuta rahoto cewa aƙidar Nazi ta shigo Damagaram, alhali abin da ya shigo shi ne jahilcin yaron da bai taɓa zama kan bencin lakwal ba. Maganin waɗannan cututtuka biyu kuwa ba ɗaya ba ne.

Masu ƙorafin tonon asiri ba su tambayi kansu wane ne ke ba da labarin yaron da aka kama ba. Takarda ce. Yaro ya yi bayani da Hausa, ɗan sanda ko jandarma ya rubuta da Faransanci, a ce ya dangwala yatsa a ƙarƙashin abin da ba ya iya karantawa. Daga nan takardar ce za ta yi tafiya zuwa wurin mai gabatar da ƙara da alƙali, shi kuwa ya zauna jiranta. A cikinta babu yunwar da ta fitar da shi daga gida, babu uban da ya tafi ci-rani Libiya bai dawo ba, babu ranar da aka kore shi daga aji, babu wanda ya fara miƙa masa ƙwayar turamol. Akwai laifi da lambar ayar doka. Lauyoyin ƙasar kuma kusan dukkansu a Yamai suke, tazarar kilomita kusan 900 daga Damagaram, kuma kuɗinsu ya fi ƙarfin tsohuwar da ke sayar da ƙosai.

Ba doka ce Nijar ta rasa ba. Ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara tun 1990. A 1999 aka kafa kotunan yara, a 2014 aka sake musu doka. Yaron da bai kai shekara 13 ba, dokar hukunta laifuka ba ta ɗora masa alhaki. A 2011 aka kafa hukumar ANAJJ domin taimaka wa marasa hali a gaban shari'a, a 2017 kuma aka kawo dokar da ta ba alƙali damar yanke aikin amfanin jama'a maimakon ɗauri. Duk da haka ƙididdigar shekarun da suka biyo bayan 2010 ta riƙa nuna cewa fiye da rabin mazauna gidajen kaso jiran shari'a suke yi, wato mutanen da doka ta ce ba su da laifi tukuna. Gidan kason Yamai, wanda aka gina a 1947 domin ƴan ɗaruruwa kaɗan, ya daɗe yana ɗauke da ninkin abin da aka yi shi dominsa. A can ne a 1999 fursunoni 29 suka mutu cikin ɗaki ɗaya saboda rashin iska. Rufin asiri bai ceci ko ɗaya daga cikinsu ba. Dokar da babu mai neman a cika ta barci take yi cikin kundin gwamnati, kuma ba wanda ke tsayawa wa mutumin da bai taɓa jin muryarsa ba.

A watan Maris na 2025 kundin da hukumomi suka zartar ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Ƙungiyoyin al'adu sun yi murna, kuma sun cancanci yin ta. Sai dai darajar harshe ba a wurin biki ake gane ta ba. A ɗakin da ake yi wa ɗan shekara 15 tambayoyi ake gane ta, idan an karanta masa abin da aka rubuta da harshen da yake ji kafin ya sa hannu.

Akwai kuma wani ɓangare da bai kamata a kyale ba, ko da yake shi da fara'a yake zuwa. Shi ne mai furoje. Ya gano cewa labarin yaron da ya tuba haja ce mai tsada. Sai a ɗauko samari biyu ko uku, a kai su zauren otel, a sa musu riga mai tambari, su faɗi yadda suke da can da yadda furoje ya cece su, a tafa, a ɗauki hoto, a biya su kuɗin mota. Labarin ya tafi ƙasashen waje cikin rahoto, unguwar da ya fito ba ta ji shi ba, alƙalin da ke riƙe da takardun ƙanensa bai ji shi ba. Bayan tarzomar Janairun 2015, lokacin da aka ƙone coci-coci da cibiyar al'adun Faransa da Nijar a Damagaram, hankalin masu ba da tallafi ya karkata ga waɗannan samari, amma a matsayin barazana da ake so a kwantar. Wasu ayyukan sun amfani mutane, ba a musun wannan. To amma yaro ya koyi irin labarin da ake saye, ya daina faɗin wanda ya faru. Kuma ranar da kuɗi suka ƙare, saurare ya ƙare.

Abin mamaki shi ne ƙasar Hausa ta Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Samariya ta gina ajujuwa da gayya, ta yi wasan kwaikwayo a dandali. Yazi Dogo, wanda shi ma malamin makaranta ne, ya sa birni da ƙauye sun yi dariyar aibinsu ta rediyo da talabijin, kuma ba a ce ya tona asirin kowa ba. Fada-fadar samari da suka yawaita tun shekarun 1990 tarurrukan hira ne da ba su jiran izini ko tallafi. Kayan aikin suna nan. Abin da ya ɓace shi ne yarda cewa yaron Kara-Kara, ko takwaransa na Maraɗi da Tawa, yana cikin waɗanda ake cewa ɗa na kowa ne.

Aikin da ke gaban ƙungiyar unguwa ba ya buƙatar mota ko ofis. Littafi guda ya isa a rubuta kowane yaro na unguwar da aka kama, da ranar kamun, da inda yake, da ko ya ga alƙali. Mutum biyu masu mutunci, malami da dattijuwa misali, su riƙa kai wannan littafi wurin alƙalin yara da ofishin ANAJJ na kotu, suna tambaya cikin ladabi, suna kuma dawowa. Takardar da ake tambayarta kowane mako ba ta kwanciya a ƙasan tari. Dokar aikin amfanin jama'a tana buƙatar wurin da zai karɓi mai laifi ya sa masa ido, kuma makaranta ko gidan al'adu na iya zama wurin. Sannan wanda ya fito a zaunar da shi, malami ya taimaka masa ya tsara labarinsa da Hausa, ko da boko ko da ajami ko da baki, a mayar da shi wasa ko shirin rediyo, shi ne kuma zai ce a faɗi wannan a bar wancan. Idan ƙaramin yaro ne, a ɓoye sunansa da fuskarsa.

Saura tambaya mafi nauyi da masu adawa ke da ita, wadda ba ta cancanci raini ba: ina matsayin wanda aka cuta? Matar da aka ƙwace wa jaka, yarinyar da aka keta wa haddi, mai shagon da aka fasa, su ma takardar nan ta taƙaita su zuwa layi biyu. Dandalin da zai saurari mai laifi ya rufe musu baki dandalin ƙarya ne. Su ma a ba su wuri, idan sun yarda, kuma a lokacin da suka zaɓa. Sauraro ba yafiya ba ne, kuma ba ya soke hukunci. Tsohon jagoran pale na cikin fim ɗin bai fito yana wanke kansa ba. Abin da ya faɗa a kan kansa ya fi abin da mai gabatar da ƙara zai faɗa zafi, kuma ƙanensa da ke shirin ɗaukar adda sun fi jin wannan daga bakinsa bisa ga jinsa daga bakin kowane mai wa'azi.