Sharhi: Tallafin noma daga waje ya tsaya a kudu, arewacin Adar yana jira

Da zarar an ɗaure gero an zuba a rumbu, tashoshin mota na birnin Tahoua kan cika da samari masu shirin tafiya ci-rani. Wasu Abidjan suka nufa, wasu Libiya ko Aljeriya, wasu kuma Sakkwato da Legas. Tsohuwar al'ada ce a ƙasar Adar. Abin da ya sauya shi ne halin da wanda bai samu kuɗin mota ba yake ciki. A arewacin jihar, saurayin da ya zauna gida babu gona babu garke, akwai masu ɗauke da bindiga da ke shirye su ba shi babur da abin kashewa.

A watan Maris na 2017 aka sanya gundumomin Tillia da Tassara ƙarƙashin dokar ta-ɓaci. A ranar 31 ga Mayu, 2020, an kai hari Intikane, inda 'yan gudun hijirar Mali ke zaune, aka lalata hanyar samun ruwan sha. Ranar 21 ga Maris, 2021, 'yan bindiga suka afka wa Intazayene da Bakorat da wasu rugage na Tillia, gwamnati ta ce mutum 137 aka kashe. Bayan kisa akwai satar dabbobi da harajin dole da suke karɓa da sunan zakka. Makiyayin da aka raba da garkensa yakan gangaro kudu, inda gonaki sun riga sun yi wa masu su kaɗan.

Kuɗin ƙasashen waje sun shigo jihar Tahoua, babu mai musun haka. Asusun IFAD ya kawo shirin ProDAF na tallafa wa noman iyali a Maraɗi da Tahoua da Damagaram tun 2015. Hukumar MCC ta Amurka ta sanya hannu kan yarjejeniyar dala miliyan 437 da Nijar a 2016, kuma gyaran filin noman rani na Birnin Ƙonni yana cikinta. Sai dai manyan ayyuka irin waɗannan sun fi zama a kudu, inda akwai kwalta, akwai fadama, akwai albasar Galmi da ke da kasuwa har bakin teku. Wurin da aka fi buƙatar aikin yi domin kashe wutar rikici, nan ne mai ba da tallafi ya fi tsoron taka ƙafa.

Sannan siyasa ta shigo. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, Faransa da Tarayyar Turai da Amurka sun dakatar da kaso mai yawa na taimakonsu, ECOWAS kuma ta rufe iyakoki har zuwa Fabrairun 2024. Su ma hukumomin Yamai sun hana ƙungiyoyin agaji aiki a yankunan da sojoji ke fafatawa, sun janye lasisin ACTED a Nuwamban 2024, sun sallami ƙungiyar ICRC a farkon 2025. A shekarar ce kuma gwamnatin Trump ta rushe USAID. Manomin Bagaroua da makiyayin Tchintabaraden ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, amma su ne suka ji a jikinsu. Kayan aro ba ya rufe katara.

Jihar Tahoua ba ta buƙatar zuwa nesa domin sanin tallafin da ke ɗorewa. A shekarun 1980, Italiya ta ɗauki nauyin aikin raya karkara na Keita tare da FAO da hukumar abinci ta duniya. An jera duwatsu a kan tuddai, an tare ƙoramu, an dasa miliyoyin itatuwa, aka mayar da dubban hektocin fako gonaki. Mata ne suka yi mafi yawan aikin, ana biyansu da abinci, domin maza suna ci-rani. A 1989 kuma wani shiri na IFAD ya kai wasu manoman Illéla yankin Yatenga na Burkina Faso, suka ga yadda ake haƙa ƙananan ramuka a fako, a zuba taki, ruwan sama ya tsaya. Da suka dawo suka gyara tassa da hannunsu, maƙwabta suka gani suka kwaikwaya, har fakon da a da ba a kula shi ya zama abin saye da sayarwa, samari kuma suka samu ƙwadagon haƙa. Madatsar ruwa idan ta cike da yashi sai an jira mai kuɗi. Tassa kuwa fartanya da taki kawai take nema, shi ya sa ta rayu bayan masu shirin sun tafi.

Wannan darasi ya kamata ya zama ma'auni ga duk mai son dawowa da kuɗinsa, ko Bankin Duniya ne, ko ƙasashen Larabawa, ko Turkiyya, ko China. Da farko, a biya samari kuɗi a hannu su yi rabin wata da tassa daga bayan girbi zuwa faɗuwar damina, lokacin da hannu ya fi zama banza. Aikin wata ɗaya da ake yi domin ɗaukar hoto ba ya hana kowa shiga mota.

Na biyu, a tuna cewa arewacin Adar bakin iyakar noma ne. Dokar 1961 ta shata layin da daga shi zuwa arewa ƙasar kiwo ce. Shirin da ya raba iri da injin ban ruwa ya manta da rijiyoyin dabbobi, da rigakafi, da burtali, da rumbun abincin dabbobi, zai iya haddasa faɗa tsakanin manomi da makiyayi maimakon ya kashe shi. Kafin a gyara fili, kwamitocin filaye da dokar karkara ta 1993 ta tanada su rubuta na wane ne, da wanda zai ci moriyarsa, har da matan da suka ɗauki duwatsun.

Na uku, inda baƙo ba ya iya zuwa, ɗan gari yana zuwa. Ƙungiyoyin manoma da na makiyaya, da sarakuna da hakimai na Abalak da Tillia, sun san wanda ya rasa garke da wanda ke ƙarya. A ba su aikin, a kuma liƙa sunayen waɗanda aka biya da adadin kuɗin a bainar jama'a, a karanta a gidajen rediyon karkara da Hausa da Tamashek da Fulatanci.

Gwamnati na da 'yancin sanin wanda ke aiki a ƙasarta da inda kuɗinsa ya fito. Amma idan ta rufe ƙofar wata ƙungiya, nauyi ne a kanta ta faɗa wa mutanen ƙauyen wanda zai ƙarasa rijiyar da aka fara, da kuma ranar da zai zo. Su kuma masu ba da tallafi su raba fushinsu da masu mulki da abincin talaka. Saurayin Tillia ba zai jira a sasanta tsakanin Yamai da Brussels ba. Idan rani ya shigo bai ga aiki ba, zai bi duk wanda ya fara miƙa masa hannu.